Jarkar Kawu da tarihin otal ɗin da ruwan magani ya gina

Da na je yi wa Kawu sallama a zaurensa da ke cikin birni, na ce masa gobe in Allah ya kai mu za mu Yankari, bai tambaye ni giwa ba, bai tambaye ni zaki ba. Yaro ya kira, ya ce a ɗauko masa farar jarkar nan ta bayan ƙofa.

"Ɗana, an ce akwai wani ruwa can da yake fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, ba wuta ba rana. Ka ciko mini ita. Ko Allah zai sa gwiwoyin nan su sake ni, in koma yin sallah a tsaye."

Na ce, "To Kawu, Allah ya sa a dace."

Tun daga Pambeguwa har muka wuce Saminaka, jarkar nan tana ƙwanƙwasa bayan mota, ni kuwa ina ta tunanin maganarsa. Wannan fata da Kawu ya ɗora a kan ruwan da bai taɓa gani ba, ita ce tubalin wata babbar sana'a da ta yi ƙarni biyu zuwa uku tana cin kasuwarta a Turai da Amurka. An gina otal-otal masu ɗaruruwan ɗakuna a bakin maɓuɓɓuga, an ja musu layin dogo, garuruwa sun tsiro a inda da babu komai sai fadama. Daga baya kuma da yawansu suka zama kufai. Yadda aka yi suka tashi da abin da ya kayar da su, shi nake so mu warware, ta hanyar bin tarihin guda ɗaya daga cikinsu, wato otal ɗin West Baden na Amurka.

Amma sai mun fara sanin ruwan kansa. Ruwan sama ne ya nutse cikin ƙasa, ya yi ta bin tsagogin duwatsu shekara da shekaru, yana narkar da abin da ya tarar a hanya: gishiri, farar wuta, ƙarfe, alli, kanwa. In ya yi nisa sai ya ɗauki zafi, domin a mafi yawan wurare duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da kamar maki 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. In ya sami kafa ya dawo sama da sauri, sai ya fito da ɗuminsa da ɗanɗanonsa. Wanda ya kwaso farar wuta warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Wanda ya kwaso gishirin magniziyam kuwa, kofi biyu ya isa ya tura mutum bayan gida. Duk wanda ya taɓa shan Andrews don wankin ciki ya riga ya ɗanɗani irin gishirin nan. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan maganar a zahirinta take.

Abin da ya fi burge ni shi ne, a wurare da dama dabba ce ta riga mutum gano irin wannan ruwa. Mu nan ba baƙon abu ba ne. Bafulatani ya san lokacin da shanunsa ke neman kanwa, ya san in sun sha ta suna ƙara cin ciyawa, jikinsu ya yi sheƙi. A Nijar, ƙarshen kowace damina makiyaya na kora garkunansu zuwa yankin Ingal saboda ƙasa da ruwa masu gishiri, har abin ya zama bikin shekara-shekara. To haka labarin ya faro a kudancin jihar Indiyana ta Amurka. Akwai wani kwari da ruwa mai gishiri da farar wuta ke tsattsafowa, ɓaunan ƙasar da barewa suna zuwa lasa, har sawunsu ya zama turbar da mutane ke bi. Sunan wurin ma, French Lick, kalmarsa ta biyu ma'anarta wurin lasa. Gwamnatin jihar ta fara keɓe filin da niyyar dafa gishiri, aka ga gishirin bai kai a yi kasuwanci da shi ba, sai ta sayar.

Wani likita mai suna William Bowles ne ya ga abin da gwamnati ba ta gani ba. Wajen 1845 ya gina masauki a bakin ruwan, ya ce wa marasa lafiya su zo su sha su yi wanka. Ba a jima ba wani John Lane, wanda ya taɓa karɓar hayar masaukin Bowles, ya gina nasa a wata maɓuɓɓugar mai nisan mil ɗaya. A shekarun 1850 aka raɗa wa wurin suna West Baden, don a kwaikwayi Wiesbaden, garin ruwan magani da ya yi suna a Jamus. Aron sunan nan ba ƙaramin abu ba ne. A zamanin, Turai ce alƙiblar wannan harka. Romawa sun gina wurin wanka a garin Bath na Ingila kusan shekara 2,000 da suka wuce, a kan ruwan da ke fitowa da zafin maki 46. Wani ƙaramin gari a Beljiyam mai suna Spa shi ya ba wa duk irin waɗannan wurare sunan da ake kiran su da shi har yau. Wanda duk ya buɗe masauki a Amurka so yake a ce nasa ma irin na can ne.

Shekara talatin masaukan nan biyu suna nan dai, ba yabo ba fallasa. Ruwan yana gudu, amma zuwa wurin sai mai ƙarfin hali, a keken doki, cikin taɓo. Abin da ya juya komai shi ne isowar jirgin ƙasa a 1887. Mutumin Zariya ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Sabon Gari a gindin tasha ta girma bayan da dogo ya iso a 1911, aka kuma ja wani ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. Duk inda jirgi ya tsaya, kasuwa ta ci. Haka aka yi a West Baden: mutumin Chikago zai shiga jirgi, kafin wani lokaci ga shi a ƙofar otal. Shekara guda bayan isowar jirgin, wani attajiri mai suna Lee Sinclair ya sayi kaso mafi girma na otal ɗin, ya ƙara masa zauren wasanni da filin tseren keke mai rufi.

A watan Yuni na 1901 gobara ta tashi ta cinye ginin ƙurmus, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Sinclair ya haura shekara sittin a lokacin, wani da sai ya karɓi kuɗin inshora ya koma gida. Shi kuwa cewa ya yi zai sake gini cikin shekara guda, wanda wuta ba za ta ci ba, kuma zagayayye, da ƙubba a tsakiya wadda ba ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinta. Manyan masu zanen gini suka ce ba zai yiwu ba. Wani matashi mai suna Harrison Albright ya karɓi aikin. A 1902 aka buɗe: hawa shida, ɗakuna wajen 500 sun kewaye wani fili a tsakiya, bisansa ƙubba mai faɗin ƙafa 200, wato mita 61. Ka ƙiyasta fiye da rabin tsawon filin ƙwallo, an rufe shi da ƙarfe da gilashi, ba abin da ya tokare shi sai bangon gefe. Sai a 1955 aka sami ƙubbar da ta fi ta faɗi a duk Amurka. Maginan gargajiya na Zazzau da suka ɗaga bakan gizon masallacin Juma'a na cikin birni da ƙasa da azara, tun zamanin Babban Gwani Mika'ilu, da sun ga wannan da sun gane ciwon kan da mai ginin ya sha, don matsalar iri ɗaya ce: yadda za ka rufe fili mai faɗi, nauyin rufin ya sauka a gefe bai tura bango waje ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tambayar da Kawu zai fi so a amsa masa. Ruwan yana warkarwa ko ba ya warkarwa? Masu otal sun riƙa tallar cewa yana maganin cututtuka barkatai, daga ciwon ƙoda har na hanta. Wannan zuƙi-ta-malle ce. Amma mutane da yawa sun koma gida da sauƙi na gaske, kuma akwai dalili. Mutum ne ya baro birni mai hayaƙin gawayi, inda ruwan sha kansa ke ɗauke da taifot da kwalara, ya zo ya yi mako biyu ko uku yana shan ruwa mai tsabta. Likitan otal ya tsara masa lokacin barci da na tashi, ya rage masa maiƙo da barasa, ya sa shi tattaki da sassafe daga wannan maɓuɓɓuga zuwa waccan. Mai cushewar ciki gishirin ya sake shi. Mai sanyin ƙashi ya jiƙa jikinsa a ruwan da aka ɗumama, jijiyoyi suka saki, ruwa ya ɗauke wa gaɓoɓi nauyi. Mai ƙaiƙayi da ƙuraje farar wuta ta taimaka masa, don har yau ana sa ta a man shafawa na fata. Ga hutu, ga hira, ga rabuwa da damuwar kasuwa. Ruwan yana da nasa rabon a cikin sauƙin, sai dai rabon bai kai yadda aka yi ta kururutawa ba.

Kuma abin da ke da ƙarfin gyara yana da ƙarfin ɓatawa, wannan darasi a garinmu aka rubuta shi. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bibiyi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Suka danganta yawan abin a Zariya da al'adun jego: kunun kanwa mai yawa kullum, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, amma gargaɗin yana nan. Iyayenmu mata da ƙauna suke yin wannan hidima, ba mai musu. Gishiri da zafi ne dai suke da iyaka, a ɗakin mai jego ko a otal mai ƙubba. A Bath ma, a 1978 aka hana wanka a ruwan bayan wata yarinya ta rasu sakamakon wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwan ɗumi, ba a sake buɗe wurin wanka na jama'a ba sai 2006.

Mu koma Indiyana. Maƙwabcin Sinclair, ɗan siyasa Thomas Taggart wanda ya sayi otal ɗin French Lick a 1901, ya gane cewa ba dole sai mutum ya zo ba, ana iya kai masa ruwan har gida. Ya ɗura shi a kwalba da sunan Pluto Water, aka riƙa sayar da shi a kantunan magani a faɗin ƙasar a matsayin maganin wankin ciki. Jarkar Kawu ke nan, an mai da ita kamfani. Akwai kuma wani abin da ba a sa shi a takardar talla: caca. Doka ta haramta ta a jihar, amma gidajen caca sun cika kwarin, hukuma ta kau da kai. Baƙo ya sha ruwa da safe, da dare ya zauna a teburin karta. Da yawa ma ruwan hujja ce kawai ta barin gida. Wanda ya sayi West Baden a 1923 daga hannun 'yar Sinclair, wato Ed Ballard, da caca ya yi arzikinsa, kuma dala miliyan ɗaya ya biya.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba, ko da yake rana ɗaya ta bayyana. Tun 1906 Amurka ta yi dokar abinci da magunguna da ta fara taka wa masu ƙaryar magani birki. Daga 1908 birane suka fara sa sinadarin kulorin a ruwan famfo, ruwan gida ya daina kisa. A shekarar ce kuma Ford ya fito da motarsa mai araha, mutane suka sami 'yancin zuwa inda suka ga dama, ba sai inda dogo ya ajiye su ba. Likitanci ya yi gaba, likita ya koma rubuta ƙwaya da allura maimakon ya ce a je a yi wanka. Gara ta riga ta cinye ginshiƙan tun kafin iska ta taso. Da kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, baƙi suka tattara komatsansu cikin 'yan kwanaki. A 1932 aka rufe otal ɗin. A 1934 Ballard ya miƙa shi ga limaman Katolika na ɗariƙar Jesuit a kan dala ɗaya. Shekara goma sha ɗaya tsakanin miliyan da ɗaya, alhali ruwan bai rage gudu ba, ɗanɗanonsa bai canja ba.

Daga nan ginin ya yi ta sauya hannu. Da ma dai ya taɓa zama asibitin soja a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya. Limaman suka mai da shi makarantar horar da malaman coci har 1964, suka cire ado da hasumiyoyinsa huɗu. Wata kwaleji ta zauna a ciki har 1983. Bayan nan sai shari'a da rashin mai kula, ruwan sama ya yi ta zuba, har wani ɓangare na bango ya rufta a 1991. Ruwan Pluto ma an daina sayar da shi tun 1971 saboda sinadarin litiyam da ke ciki, wanda hukuma ta sa a jerin abubuwan da sai da izinin likita.

Wanda ya ceto ginin wani attajiri ne mai kamfanin kayan asibiti, Bill Cook, da matarsa Gayle, tare da wata ƙungiyar adana gine-ginen tarihi ta jihar. Daga 1996 suka fara da tsayar da ruɓewa. Gyaran otal ɗin biyu ya lashe kusan dala miliyan 500, aka sake buɗe West Baden a 2007 da ɗakuna 243, don an haɗe ƙananan ɗakunan da. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai gaskiya a faɗe ta: abin da ya sa lissafin ya fita shi ne lasisin gidan caca da jihar ta bayar, wanda aka buɗe a French Lick a 2006. Wannan hanya ba tamu ba ce, addini da al'ada sun raba mu da ita, kuma ban ga abin sha'awa a gini mai kyau da aka tsayar da hawayen wanda ya yi asarar albashinsa ba. Abin ɗauka a nan shi ne, sun yarda cewa ruwa kaɗai ba zai biya kuɗin fenti da albashin ma'aikata ba, sai an ba mutum wani dalilin zuwa da na kwana.

Mu ma muna da namu. A Ikogosi ta jihar Ekiti, ruwan ɗumi da na sanyi suna fitowa kusa da juna su haɗu a ƙasa. Wani ɗan mishan na cocin Baptis, John McGee, ya je wurin a 1952, daga baya ya gina sansanin matasa. Gwamnati ta karɓe shi a shekarun 1970, ya yi ta tashi yana faɗuwa gwargwadon wanda ke kan mulki, aka yi masa babban gyara a wa'adin farko na gwamna Kayode Fayemi. An kuma ɗura ruwansa a roba da sunan Gossy. Yankari kuwa an keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama gandun dajin tarayya a 1991, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Maɓuɓɓugar Wikki da ke cikinta tana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana zuwa kogin Gaji, zafinta maki 31 ne dare da rana, rani da damina. Mutumin da ya saba jiran ɗan garuwa da sassafe a Tudun Wada, in ya ji wannan adadi sai ya yi shiru.

A ganina Wikki ta fi West Baden sa'a ta wata fuska. Ba a gina sunanta a kan alƙawarin warkarwa ba, don haka ba ranar da likita zai zo ya rushe ta da takarda ɗaya. Tana da giwaye, tana da daji, tana da ɗalibai da ke zuwa daga jami'o'i irin tamu ta Samaru. Abin da zai iya kayar da irin waɗannan wurare a ƙasarmu shi ne abin da ya kayar da waccan bayan an cire maganar magani: hanya da kulawa. In matafiyi yana tsoron hanya, ko ruwan me ke can ba zai je ba. In kuma ya je ya tarar famfo ba ya zuba, ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa mutum goma. Na taɓa sauka a wani masaukin gwamnati a wata jiha, gini mai kyau a wuri mai kyau, an kashe kuɗi sosai wajen buɗe shi, amma da bokiti aka kawo mini ruwa, rufin ɗakin kuma duk tabon yoyo. Ya yi mini ciwo, domin gyaran da ake bukata a lokacin bai fi na kwano biyu da kafinta ɗaya ba. Muna da kuɗin yanka ƙyalle ranar buɗewa, kasafin share magudanar rufi ne ba a cika tunawa da shi ba, kuma ta nan ruwa ya shiga ya kayar da bangon West Baden.

Mun isa Wikki da la'asar sakaliya. Ana sauka wasu matakala, sai ga ruwan yana fitowa daga gindin wani jan dutse, garai-garai, kana hango farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Ba wari, ba ɗanɗanon gishiri. Da na shiga, gajiyar hanya ta awa bakwai ta fara zarewa daga ƙugu zuwa wuya, na kusa rabin awa ban motsa ba. A nan na fahimci abin da Kawu ke nema, na kuma fahimci cewa ba zai shiga jarka ba. Duk da haka na je daidai inda ruwan ke ɓulɓulowa na cika ta, na ɗaure bakin da leda.

Kafin mu iso Jos ta huce. Da na kai masa, ya sa hannu ya taɓa, ya ɗanɗana, ya ce, "Ɗana, ina ɗumin?" Na zauna na yi masa bayani gwargwadon iko, na ce ɗumin da nutsewar jiki a ciki su ne aikin, kuma likitansa na Shika ya ce a ci gaba da ƙwayoyin da gashi da tawul. Ya sa aka ɗumama masa kaɗan a buta, ya shafa a gwiwoyinsa da bisimilla, haka ya yi ta yi har jarkar ta ƙare. Ran da ta ƙare ya tambaye ni matakalan nan guda nawa ne, kuma ko mutum biyu za su iya riƙe dattijo su sauka da shi. Na ce za su iya. Mun sa rana bayan an gama girbi, in hanya ta yi kyau, ni da ƙanena za mu kai shi.